Abin da Iya Ta Ce a Gaya wa Baffa Hussaini

Gumel,
ranar Litinin.

Zuwa ga Anti Hannatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara, da Baffa Hussaini da mai jego da jaririya. Ni ma lafiya lau nake, sai ɗan zazzaɓi da na yi makon da muka dawo makaranta, shi ma ya sauka.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, ni da ko gaishe ki zan yi ba na iya ɗaga kai. Ba a barin mu da waya a nan, shi ya sa na roƙi Inna Talatu, mai kawo wa kicin ɗinmu kayan miya daga Gagarawa, ta miƙa miki wannan hannu da hannu.

Ita ce ma sanadin rubutun. Shekaranjiya ina taya ta sauke kwandon kuɓewa ta dube ni ta ce, “Ke ba jikar Mero ta Sule Tankarkar ba ce?” Na ce ni ce. Ta ce, “Kakarki akwai riƙo. Ɗan ƙanenta ya sauke girman kai ya yi mata takwara, ita kuwa ta amsa masa kamar mai korar kaza. Garinmu kowa ya ji.” Anti, kwandon nan saura kaɗan ya suɓuce mini. Iya ba ta ƙi takwara ba. Ni ce na rubuta saƙon nan, kuma ba abin da ta faɗa na rubuta ba.

Kin san wayar da Yaya Mannir ya saya wa Iya, wadda ke cikin guruf ɗin danginmu na WhatsApp da sunanta. Iya ba ta karatun boko, kuma ta hana a ɗauki muryarta, ta ce ba za a zuba ta a aljihun maza ana kunnawa a tasha ba. Don haka idan ina gida hutu ni ce mai karanta mata, ni ce mai rubuta mata.

Da Babbar Sallah na yi wa dangi barka da sallah a guruf ɗin, na sa sunana a ƙasa. Na gaishe da kowa da sunansa, manya da yara, yadda aka koya mana a gida. Na daɗe ina gyara shi. Sai Muhsina ta Abuja ta amsa da wasu haruffa, TL;DR. Wasu biyu suka sa LOL, wani ya sa SMH. Na ɗauka addu’a ce irin ta ’yan jami’a, har na ce amin. Da muka koma makaranta na tambayi ƙawata Juwairiyya. Ta ce na farkon yana nufin abin ya yi tsawo, ba a karanta ba. Na biyun dariya ce da ƙarfi. Na ukun kuwa girgiza kai ne, irin wanda ake yi wa abin tausayi. Kuma ni na ce amin, kowa yana gani.

Daga ranar na sa Juwairiyya ta koya mini su duka. IDK ban sani ba ke nan, BRB yanzu zan dawo, TBH maganar gaskiya, BTW af na manta, NVM bar zancen kawai. Na haddace su fiye da yadda na haddace darasin kimiyya. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara rubuta abin da ya wuce layi ɗaya a guruf ɗin nan ba.

Ranar da Baffa Hussaini ya sa hoton jaririya ya ce gobe suna, kuma sunan Gwaggonsa Mero za a raɗa mata, na karanta wa Iya tana tsintar wake. Ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ture faifan gefe, ta goge ido da bakin zane, ta ce in zauna in rubuta. Ta fara magana tun inuwar darbejiya tana bakin rijiya, ba ta gama ba sai da ta kai ƙofar kicin. Ni kuwa ina riƙe da waya ina ɗan taɓa ta kamar mai rubutu, zuciyata tana wajen Muhsina. Da ta gama na rubuta abin da kuka gani: “Congrats. GBU. TTYL.” Wato barka, Allah Ya yi albarka, sai wani lokaci mu yi magana. A ganina ai ma’anar ke nan a dunƙule. Iya ta ce, “Kin sa duka?” Na ce na sa.

Anti, har na baro gida kullum sai ta tambaye ni ko Hussaini ya amsa. Ta sa an sayo ’yar akuya, ta ce ta takwararta ce, tana nan a ɗaure tana jiran ranar da za a kawo yarinyar yawon arba’in.

Ban san yadda zan yi ba. Ke ce ƙanwarsa, yana jin maganarki. Don Allah ki taimake ni.

’Yarki,
Mahbuba

*

Gagarawa,
ranar Alhamis.

Mahbuba,

Na gani. Za mu yi magana.

Hannatu

*

Gumel,
ranar Asabar.

Zuwa ga Anti Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida gaba ɗaya, da fatan kowa yana lafiya. Ni lafiyar jiki dai akwai.

Takardarki ta iso. Na juya bayanta ko akwai ci gaba, babu. Na tambayi Inna Talatu ko kin ba ta wani saƙo da baki, ta ce a’a. Na gane kin yi fushi, kuma kina da gaskiya. Ba ki yi mini sallama ba, ba ki tambayi zazzaɓina ba. Tun jiya nake karanta layin nan, kowane karatu da irin muryar da nake ji. Wani lokaci in ji kamar kina cewa ki bar ni da ita, wani lokaci kamar kina cewa ba ruwana da ku. A aji malamin lissafi ya kira sunana har sau biyu ban ji ba.

Ko ba za ki ƙara rubuto mini ba, ina roƙon ki karanta wa Baffa wannan. Shi ne abin da Iya ta faɗa, iya abin da na riƙe. Na san na zubar da wasu.

Ta ce: “Ki gaya wa Hussaini ɗan Habibullah na ji, na karɓa hannu bibbiyu. Allah Ya raya ta, Ya sa mai jin ƙan iyayenta ce, Ya ba ta haƙurin da ni bai ba ni ba. Ki ce wa matarsa Bilkis sannu da wuya, ta sha kunun kanwa da zafinsa, kada ta bari a sirka mata ruwan wanka don ta ga zamani ya canja. Ki ce masa kada a riƙa kiran sunana gatsal a tsakar gida, Uwani za a riƙa ce wa yarinyar, don ranar da aka rufe uwarsa a bayana ya yi barci, kuma a bayana ya yi ta yi har ya yi wayo. Ki ce masa maganar gonar kuka da ya sayar ya sayi mota, na faɗi abin da na faɗa cikin zafi, ta bi ruwan bana ta wuce. Idan an yi arba’in a kawo mini ita in ga ko ta ɗauko hancina, in ba ta haƙuri tun da wuri.”

Akwai addu’o’i da yawa a tsakani, da gaisuwar mutane da ban ma san wasunsu ba. Ta gaishe da limamin unguwarku, da wata makauniya maƙwabciyarku da ta ce tare suka yi tallar fura.

Duk wannan na cire, Anti. Wallahi ban yi don raini ba. Tsoron dariya ne ya sa ni.

’Yarki,
Mahbuba

*

Gagarawa,
ranar Lahadi.

Zuwa ga ’yata Mahbuba,

Wa’alaikumus salam wa rahmatullah. Ga sallamar da kika bi ni bashi, har da ƙari. Yaya jikin? Ina fata zazzaɓin bai dawo ba, kuma kina kwana cikin gidan sauro. Mu nan kowa lafiya, Bilkis ta murmure, jaririya sai ƙiba take.

Ke yarinyar nan, wa ya ce miki fushi na yi? Talatu ta kawo mini takardarki ina tsakiyar aji, direba yana ta danna mata oda a bakin makaranta, na yago bayan littafin wani ɗalibi na rubuta abin da ya samu. Sai kuma ruwan sama ya ɓata hanya, ta yi mako ba ta dawo daga Gumel ba, takardarki ta biyu ta kwana a jakarta tare da daddawa. Har yanzu ƙamshin bai fita ba. Kin ga yadda layi ɗaya ya hana ki cin abinci, ke da ba wani abu tsakaninmu sai alheri. To ki auna yayana, wanda ya shekara yana neman ta inda zai koma wa matar da ta goya shi.

Bari in gaya miki yadda aka yi ranar. Da saƙon ya shigo, Hussaini bai gane shi ba, ya miƙa wa Bilkis. Ta fassara masa daidai, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ya ce, “Shi ke nan?” Ta ce shi ke nan. Ya ce, “Sai wani lokaci? To Allah Ya kai mu wani lokacin.” Da aka watse daga wajen suna bai ci naman ragon ba. Dangin Bilkis suka ga ba a turo sunan da za a riƙa kiran yarinya da shi ba, suka sa mata Amira, shi ya bi gari.

Jiya da ya dawo daga Maigatari na bari ya ci tuwo, sannan na karanta masa takardunki duka biyu. Ya saurara har ƙarshe. Wajen maganar goyo na ga ya sunkuyar da kai. Amma da na gama sai ya ce, “Hannatu, yarinyar nan ’yar halak ce, tana rufa wa kakarta asiri. Labarin goyo da na gona wa bai sani ba a danginmu? Takarda kowa yana iya tsarawa.” Na ce, “Yaya, yarinyar da ba ta iya neman gishiri a gidan mutane ce za ta tsara maka ƙarya?” Ya ce, “To ita Gwaggo ba ta da baki? Ta ce sai wani lokaci, ga wata ya wuce.” Na ce ai ita amsarka take jira. Ya tashi ya tafi duba tayar mota.

Arba’in ta ƙarato. Ya riga ya gaya wa Bilkis inda za a kai ta yawo: Gumel wajen iyayenta, sai Maigatari. Bai ambaci Sule Tankarkar ba.

Na yi tunanin in kira Gwaggo da kaina, na fasa. Kin san kunnenta a waya, rabi take ji, ta cike rabin da abin da ta ga dama. Kuma ba daga bakina ya kamata ta ji ba. Hutun tsakiyar zango ya kusa. Ki je gida ki zauna a gabanta ki faɗa mata. Na san da wuya. Kayan aro ne kika yafa bai rufe miki katara ba, ba ke kika fara ba. Ni da nake koyarwa, rannan wani ɗan aji biyar ya rubuta mini IDK a takardar jarrabawa, sai da na tambayi ɗan cikina.

Ki ci abinci.

Antinki,
Hannatu

*

Sule Tankarkar,
ranar Talata.

Zuwa ga Anti Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kun wuni lafiya. Na gode da doguwar takardarki, na ji sanyi a raina. Na iso gida lafiya. Iya tana nan da ciwon gwiwarta, Baba da Umma suna gaishe ku. An fara yankan gero.

Wayar Iya tana kan taga a gabana, amma ba na son taɓa ta. Malam Manu mai mashin zai shiga Gumel da safe, ya ce zai ba direbobin garinku wannan.

Na faɗa mata, Anti, kuma ina jin na ƙara ɓata abin.

Ranar da na zo ban iya ba. Ina sauke jaka ta ce, “Ƙawata, duba mini akwatin maganar nan, ko ɗan nema ya amsa.” Na ce caji ya ƙare. Washegari na bi ta bayan gida tana ba akuyar nan dusa. Ta yi ƙiba sosai, har an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Na durƙusa na ce, “Iya, na yi miki laifi.” Ta ce, “Me kika fasa?” Na ce ba fasawa ba ne. Daga nan na faɗa mata komai, har da amin ɗin da na ce wa Muhsina. Wani wurin sai ta ce in ɗaga murya.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce in ɗauko wayar in nuna mata. Na nuna. Ta kanga ta da hannu saboda rana, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora ɗan yatsanta a kan rubutun, ya rufe shi ruf. Ta ce, “Maganar da na yi har wakena ya sha rana, ita ce yatsa ɗaya ya rufe?” Na ce e. Ta ce in fassara. Na fassara. Ta ce, “Wannan ba Turanci ba ne, rowa ce. Ko ɓarawo aka kama ai an fi yi masa magana haka.”

Na ɗauka an gama, sai ta ce, “Shi Hussainin da ya ji, me ya ce?” Na gaya mata ya ɗauka ba ta karɓi takwara ba, kuma da aka karanta masa ainihin saƙon ya ce ni na tsara don in rufa mata asiri.

Anti, ban taɓa ganin fuskar Iya haka ba. Ta ajiye ƙwaryar dusa. Ta ce, “Ke yarinya ce, shirme gado ne a wurinku. Amma shi? Hussaini ya yarda ni Mero na yi magana guntuwa? Ni da in na fara yi masa faɗa yana yaro tuwonsa yake hucewa ya yi ɓawo? Ni da kakanki ya ce in an aike ni ɗebo wuta sai an sake aiken wani ya ɗebo ni? A bayana ya girma, bai san bakina ba? Da ya ga abin nan ai sai ya ce, wannan ba Gwaggona ba ce, ko dai ta mutu an ɓoye mini.”

Na ce, “Iya, laifina ne.” Ta ce, “Naki daban, nasa daban. Ki rubuta wa Hannatu, kuma wannan karon in kika gutsure ko harafi ɗaya sai na gutsure miki kunne. Ki ce ya riƙe ’yarsa. Mutumin da bai san muryata ba, me zai kawo mini? Akuya kuwa ranar kasuwa za a kai ta.”

Ga shi na rubuta duka, ban rage komai ba. Tun ranar ba ta ƙara ce mini ƙawata ba, Mahbuba take cewa. Da za a ba ni zaɓi, da na zaɓi dukan danginmu su yi ta sa mini LOL har in tsufa.

’Yarki,
Mahbuba

*

Gagarawa,
ranar Laraba.

Zuwa ga Mahbuba,

Wa’alaikumus salam. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. A gaishe da Gwaggo da jiki, a gaishe da Babanki da Ummanki.

Share hawayenki. Takardarki ta same ni Hussaini yana tsakar gidana yana wanke hannu. Na ce, “Ga saƙo daga Gwaggo, amma ba mai daɗi ba ne.” Ya ce in karanta. Na karanta masa yadda kika rubuta, har da tuwon da ke yin ɓawo.

Da na zo wajen ɗebo wuta sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya zauna a kan turmi. Ya ce, “Wallahi ita ce! Wannan kam ita ce. Mahbuba ba za ta iya ƙaga wannan masifar ba.” Can kuma dariyar ta tsaya. Ya ce, “Hannatu, gaskiya ta faɗa. Na san ba ta gajeriyar magana. Ni ne na riga na sa a raina ba za ta yafe ba, da na ga abin sai na ce ga shi nan.” Ya tambaye ni yaushe ne kasuwarku, don kada akuya ta riga shi fita.

Ranar Juma’a bayan masallaci za su taso, shi da Bilkis da yarinya. Ya fasa lodin Maigatari. Ni ba zan samu zuwa ba, ƙaramina yana fama da haƙori. Kada ki gaya wa Gwaggo na ce ya ji kunya, ki bar shi ya kai kansa. Ke kuma kada ki ɓuya a ɗaki, na san halinki.

Antinki,
Hannatu

*

Gumel,
ranar Litinin.

Zuwa ga Anti Hannatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya jikin ƙaramin? Allah Ya sa haƙoran su fito lafiya. Na dawo makaranta jiya. Na san Baffa ya ba ki labari, amma ba zai faɗa miki nawa ɓangaren ba.

Na ɓuya, Anti, ki yi haƙuri. Ina jin tsayuwar mota na shige ɗakin Umma. Ta labule na ga Baffa ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmar Iya ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon katanga. Ta ce, “Wane ne? Ban san muryar ba.” Ya ce, “Gwaggo, ɗanki ne.” Ta ce, “’Ya’yana sun san bakina.” Anti Bilkis ta kwance goyo ta ɗora mata jaririya a cinya. Iya ta yi kamar ba za ta duba ba, sannan ta duba. Ta ce, “Innalillahi, ta ɗauko hancin.”

Sai ta ƙwala mini kira. Na fito. Maƙwabta sun cika gidan, Baba yana tsaye a bakin zaure. Ta ce, “Aike na ba ki, ba ki kai ba. Ga mai shi nan, kai masa.” Na durƙusa gaban Baffa na fara, “Iya ta ce a gaya wa Hussaini ɗan Habibullah.” Ban taɓa kiran sunansa haka a gabansa ba, mata suka yi dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ci gaba. Duk inda na tsallake sai Iya ta ce, “Ba haka na ce ba,” ta gyara, ta ƙara da wanda ba ta ma faɗa ba ranar. Da na zo wajen goyo, ita ta karɓe ta ƙarasa da kanta. Baffa ya ja hularsa ya rufe fuska. Furar da aka dama musu har ta tsinke ba a sha ba.

Da na gama na ce, “Baffa, ka yafe mini.” Ya ce, “Saƙo ya iso, ɗiyata. Direba ne ni, na san mota takan kwana a hanya.” An sa akuya a bayan motar, ta yi ta kuka har suka fita layinmu.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Anti Bilkis ta saba da Amira, danginta ma haka, ko a gabanmu sau biyu bakinta ya kuɓuce. Iya ta ji, ni ta kalla. Baffa dai Uwani yake cewa. Ina jin yarinyar nan za ta tashi da suna biyu, kuma idan ta girma ta tambayi dalili, sunana za a ambata.

Ana gobe zan taho Iya ta miƙo mini waya ta ce, “Ƙawata, inda kika sa guntun, can za ki sa cikakken.” Na rubuta shi duka a guruf, da limamin unguwarku da makauniyar da suka yi tallar fura. Sai da babban yatsana ya yi tsami. A ƙasa na sa cewa ni Mahbuba ce na gutsure na farko. Na aika, na kife wayar a kan taga, har na baro gida ban duba ba. Idan kin ga abin da Muhsina ta ce, don Allah kada ki gaya mini.

Ki gaishe mini da Malam, da yara kowa da sunansa, da Inna Talatu idan ta riga ni ganinki, da Baffa Hussaini, da Anti Bilkis. Ki ɗauki Uwani ki ce mata yayarta tana gaishe ta, kuma saƙonta ya daɗe a hanya.

’Yarki,
Mahbuba